Wane zamani na Formula 1 ne ya fi kwanta muku a rai?

Baban Sadiku, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni makanike ne, na haura shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa. Jiya Lahadi muna kallon tseren motoci na Formula 1 da babban ɗana Sadiku, gardama ta kaure tsakaninmu har abinci ya huce. Shi ya dage babu zamanin da ya kai na Hamilton da Verstappen. Ni kuwa na ce masa bai ji kukan injin V10 ba, shi ya sa. Na kawo maganar nan don in ji ta bakinku.

A 1998 na fara kallo. Wani Alhaji da nake duba wa motoci ya kira ni gida, Marsandinsa ta ƙi tashi. Ina sunkuye cikin bonet sai na jiyo wata ƙara daga falo, siririya, tana hawa tana hawa kamar ba za ta tsaya ba. Kunnena ya san inji, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Da sifana a hannu na leƙa ta taga. Alhaji ya ce in wanke hannu in shigo. Ranar ban gama aikin motar ba sai bayan la'asar.

Silinda goma ne, lita uku, babu turbo, babu batir mai taimako. Fijo 504 da muka saba da ita, in ka kai ta juyi dubu biyar a minti ɗaya ka san ka matsa mata. Waɗancan kuwa, zuwa 2004 da 2005, suna kai wa wajen 19,000. Duk wanda ya taɓa riƙe fistan a hannu ya san abin da wannan lissafin yake nufi. Ƙarfe ne ake tura shi har bakin abin da zai iya ɗauka, kuma sau da yawa ba ya ɗauka. Shi ne ma abin da ya riƙe ni. Ba ka isa ka ce wane ya ci ba sai ka ga tuta. A Sifaniya a 2001, Mika Häkkinen yana gaba da tazara mai yawa, a zagayen ƙarshe motarsa ta mutu masa, Schumacher ya zo ya wuce. Coulthard, abokin aikin Häkkinen, ne ya ɗauko shi a gefen mota ya dawo da shi. Na daɗe zaune ban ce komai ba, don na san irin zafin da makanikansa suke ji.

Sannan a lokacin ana zuba mai a tsakiyar tsere, saboda haka akwai lissafi. A Hangari a 1998 Ross Brawn, mai tsara wa Ferrari dabarun tsere, ya canza wa Schumacher tsari, ya ce zai tsaya sau uku maimakon biyu, da sharaɗin ya samar da tazarar kimanin daƙiƙa 25 cikin zagaye 19. Ya kuwa samar. Kowane zagaye kamar ransa ne a kai.

Amma wanda ba na mantawa shi ne tseren Spa na Beljiyam a 2000. Schumacher na gaba, Häkkinen na bin sa kamar inuwa. Ya yi yunƙurin wucewa, Schumacher ya toshe shi har suka ɗan gogi juna. Da aka sake zagayowa miƙaƙƙiyar hanyar nan, sai ga Ricardo Zonta a tsakiya, wanda za su yi wa zagaye. Schumacher ya bi ta hagunsa, Häkkinen ya faɗa ta damansa, motoci uku a jere, kafin a kai kwana Häkkinen ya fito a gaba. Ni da Alhaji duk muka miƙe tsaye. Duk da haka a ƙarshen shekarar Schumacher ne ya ɗauki kambu a Suzuka, na farko da direban Ferrari ya ɗauka tun Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979.

Ba zan ɓoye aibin zamanina ba. A 2004 Schumacher ya ci 13 cikin 18, kallo ya koma kamar karatun da ka haddace. Abin da aka yi wa abokin aikinsa Barrichello a Ostiriya a 2002, da aka ce ya sassauta daf da layi ya ba Schumacher hanya, har yau yana min ciwo. Ga kuma Indianapolis a 2005 da motoci shida kaɗai suka yi tsere saboda matsalar taya. Duk na yarda. Amma ni daga 1998 zuwa 2005 ne nawa. Ku fa?

Elhaji Na Damagaram:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Sadiku. Na gaishe ka da aiki. Na girme ka a kallon nan, don haka ka yi haƙuri in ce maka ka iso bayan an tashi daga kasuwa. Mu nan Nijar ta tashoshin Faransa muka san wannan wasa, kuma kowa Alain Prost yake so, wanda suke kira Farfesa. Ni ma shi na bi, ko da yake zuciyata ba ta taɓa daina girmama Ayrton Senna ba.

A 1988 su biyu suna McLaren, da injin Honda, suka ci 15 cikin 16. Ɗayan da ya kuɓuce musu shi ne Monza, inda Berger ya ci wa Ferrari 'yan makonni bayan rasuwar Enzo Ferrari. Za ka ce ai wannan ma mamaya ce irin ta Schumacher. Bambancin shi ne su biyun ba wanda ke ba wani hanya. Mota iri ɗaya, gareji ɗaya, ba sa ga maciji da juna. A Suzuka a 1989 suka yi karo, Prost ya ɗauki kambu. Shekara ta zagayo, a Suzukar dai, a kwanar farko suka sake haɗuwa, Senna ya ɗauka.

Kai makanike ne, za ka fi ni gane wannan: a lokacin da hannu ake sa giya, ana taka kuloci. A Monaco, inda katanga ke dama da hagu, direba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya yawancin lokaci. Senna ya ci can sau shida. A Birazil a 1991 giyoyinsa suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarasa da giya ta shida kaɗai ga yayyafi na sauka, ya ci, sai da aka taimaka aka fito da shi daga mota, kofin ma da ƙyar ya ɗaga. Shi kuwa Prost da kai yake tuƙi. Ana ƙayyade musu esansi a zamanin turbo, sai ka ga ya lallaɓa taya da mai kamar ba ya sauri, can ƙarshe ka gan shi a gaba. Haka ya ɗauki kambun 1986 a Adelaide bayan tayar Mansell ta fashe.

Ranar 1 ga Mayu 1994 ina gaban tele lokacin da Senna ya daki katanga a Imola. Kwana ɗaya kafin nan Roland Ratzenberger ya rasu a filin. Na kashe tele, ban sake kallon tsere ba sai da shekara ta wuce. Zamanin nan ne nawa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ummi, ɗalibar injiniya, Zariya:

Baba, ina gaisuwa, Elhaji ma ina gaisuwa. Ku yi min izini in tsaya wa Yaya Sadiku, tunda ba ya nan.

Na yarda ƙarar V10 ta fi daɗi, na saurara a intanet, tsigar jikina ta tashi. Amma Baba, kai ka fi ni sanin cewa ƙara ƙarfi ne da ya fita ta salansa bai kai ga taya ba. Injin da aka kawo a 2014 silinda shida ne, lita 1.6, da turbo da batir. Aka ce kilo 100 na mai kawai za a sha a tsere gaba ɗaya, kuma an riga an hana ƙarin mai a hanya tun 2010. Sai injiniyoyi suka koma tattara abin da a da ake zubarwa: ƙarfin da ke tafiya in an taka birki, da wanda ke bin hayaƙi, duk a mayar da shi lantarki. Har aka kai ga injin da ke mayar da fiye da rabin ƙarfin mansa zuwa aiki. Motocin da ke kan titunanmu ba su kusa da haka ba. Ni wannan ne ya sa na zaɓi karatun da nake yi.

Abu na biyu shi ne rai. Elhaji ya ambaci Imola. Kafin nan ma abin ya fi muni, har a 1970 Jochen Rindt ya zama zakara bayan ya riga ya rasu. Mu ma mun ga namu, Jules Bianchi da ya yi haɗari a Suzuka a 2014 ya rasu a 2015. Da aka kawo ƙarfen nan da ke kewaye kan direba a 2018, mutane da yawa suka ce ya ɓata kyan mota. Sai ga Baharen a 2020, motar Romain Grosjean ta ratsa shingen ƙarfe ta rabe biyu, wuta ta tashi. Na rufe fuskata da hijabi, ƙanwata ce ta ce min ya fito. Ya fito da ƙafarsa, ƙuna a hannu kawai. Ba zan iya fifita zamanin da, da a cikinsa abin ya faru, da mutumin nan ya mutu ba.

Na san Mercedes sun mamaye daga 2014, kuma a 2023 Red Bull sun ci 21 cikin 22. Amma 2021 fa? Hamilton da Verstappen sun shiga tseren ƙarshe a Abu Dabi da maki daidai. Yadda aka tafiyar da motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa direbobi gudu in an yi haɗari, a zagayen ƙarshe har yau ban gamsu da shi ba, a ganina an zalunci Hamilton. Amma kakar kanta ba wanda ya yi gyangyaɗi a cikinta.

Auwalu Fagge, Kano:

Baba da Elhaji, Allah ya ƙara girma. Ni tsakiya na tsaya, 2007 zuwa 2012. Duba kawai: 2007 Räikkönen ya ɗauka da maki 110, Hamilton da Alonso na da 109 kowanne. A 2009 ƙungiyar Brawn, wadda saura ƙiris a rufe ta bayan Honda ta janye, ita ta ɗauki kambu da Button. A 2010 mutum huɗu suka je tseren ƙarshe kowa na iya ɗauka. A 2012 tsere bakwai na farko, direbobi bakwai daban suka ci.

Birazil 2008 a gidan kallo na gani. Sai da muka roƙi mai gidan ya ware mana ƙaramar talabijin a lungu, don kowa ƙwallo ya zo gani, mu biyar ne kacal. Hamilton na buƙatar zuwa na biyar don ya ɗauki kambu. Ruwa ya sauko daf da ƙarshe, Vettel ya wuce shi, ya koma na shida. Massa, wanda suke takarar kambun tare, ya tsallake layi a na ɗaya, iyalansa na rungumar juna a gareji. Abokina har ya ɗauki takalminsa zai tafi. Sai ga Timo Glock yana santsi da tayar rani, Hamilton ya wuce shi a kwanar ƙarshe. Maki 98 da 97. Ihun da muka yi ya sa 'yan ƙwallo suka juyo. Baƙar fata na farko da ya ɗauki kambun, yana ɗan shekara 23. Kuma yadda Massa ya tsaya a dandamali yana dukan ƙirji da hawaye a idonsa, tun ranar nake ganin girmansa.

Baban Sadiku, Kaduna:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Elhaji, na karɓi gyara, giyar hannu a Monaco ba wasa ba ce, ko a Kaduna in go-sulo ya kama ka da kuloci mai tauri ka san yadda ƙafa ke yi. Auwalu, ni ma na ga ta 2008, amma kana kallon kwanar nan aka ɗauke mana wuta, kafin a ja janareta an gama komai.

'Yata Ummi, maganarki ta shige ni. A kan rai ba ni da ta cewa. Na sha jawo motocin da suka yi haɗari a hanyar Zariya zuwa garejina, na ga yadda ƙarfe ke naɗewa, don haka duk abin da ya sa mutum ya fito daga wuta da ƙafarsa, ina tare da shi. A kan ƙara kuwa ina nan a kan bakana, kunnena V10 yake so.

Sai dai ki yi min bayanin abu ɗaya. Na birki na gane, janareta ce ke riƙe taya tana caja batir. Na hayaƙin ne ya ɗaure min kai. A kan sandar turbo ɗin aka ɗora shi? In haka ne, yaya yake jure zafin wurin? Ki rubuto dalla-dalla yadda zan iya zana wa yaran gareji a ƙasa, don gobe da safe akwai wata turbo da za mu kwance.