An ba ni gurbin karatun wasan kwaikwayo a Zariya: in karɓa ko in sake zana JAMB?

'Yar Funtuwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema daga waɗanda suka yi karatun da kansu. Aikin jarida na nema a ABU, makina bai kai ba, aka ba ni sashen wasan kwaikwayo. Karo na biyu ke nan da na zana JAMB, kuma saura kwana 12 in ba Baba amsa. Shi cewa ya yi bai sa ni boko don in zama 'yar fim ba. Ƙawar Yayata kuma ta ce akwai ɓangaren da ake shiga ƙauye a zauna da mutane, a shirya wasa kan abin da ke damunsu. Tambayoyina uku ne. Shiga ƙauyen dole ne, kuma kwana ake yi? Nawa ake kashewa ban da kuɗin rajista? Mai hijabi za ta iya gamawa ba a sa ta rawa ba?

Abban Ikram:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki nemi makarantar koyon aikin jinya kawai. Nas ba ta zaman gida.

'Yar Funtuwa:
Na gode Yaya, amma ban yi ajin kimiyya a sakandare ba.

Ɗan Samaru:
Ƙawar Yayarki ta faɗa miki gaskiya. A sashen na gama, kuma wannan ɓangaren shi ne abin da aka san Zariya da shi har a ƙasashen waje. Wani Bature, Michael Etherton, ya fara koyar da wasan kwaikwayo a can a 1975, ƙarƙashin sashen Turanci. A 1977 ɗalibai suka kai wani wasa mai suna Wasan Manoma garin Soba, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke kamfen ɗin a koma gona. Bayansa aka je Maska, aka je Bomo. Da farko ɗalibai kan tattaro labari su dawo makaranta su shirya, su koma su nuna wa manoma. Daga baya aka ga wannan wa'azi ne kawai, aka koma yi tare da mutanen garin, su ne 'yan wasa. Malamai irin su Farfesa Oga Steve Abah da Salihu Bappa duk cikin wannan aiki suka yi suna.

Yadda muka yi a zamaninmu: mu gaida dagaci, mu rarrabu gida-gida, mu yi kwanaki muna sauraro. Mun je da tunanin taki ne matsalarsu, ashe abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya wani ne da ke ba da bashin hatsi da damina ya karɓi ninki da kaka. Muka yi wasan a ƙofar fada, ana tsaka da yi sai a tsaya a ce wa 'yan kallo, in kai ne ya za ka yi? Wani dattijo ya cire hularsa ya shigo fili ya karɓi matsayin mai cin bashin. Wannan salon na tsayar da wasa Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Brazil, aka fi sani da shi. Ranar na san abin da nake karantawa. Ki kai Baba ya ga dandalin wasa na laka da ke ABU, wanda mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya zana a 1976, gini ne irin na gidan Bahaushe.

Direban Dogon Zango:
In dai wasan kwaikwayo ne ki zo tasha ki ga kwandasta yana rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Wata biyu ya ishe ki, ba rajista ba komai.

Mai Haƙuri:
Ɗan Samaru ya ba ki labarin makaranta, ni bari in ba ki na bayan makaranta. A wata jami'ar daban na yi, amma kwas ɗin ɗaya ne, kuma na so shi kamar raina. Bayan hidimar ƙasa na yi shekara biyu ba aiki. Sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta kira ni kan wayar da kai game da rigakafin shan inna. Suka ce in haɗa 'yan wasa in zagaya ƙauyuka 14, za a biya idan na kawo rahoto da hotuna. Na tara matasa tara daga ƙauyukan, har da mata biyu da sai da na durƙusa gaban mazajensu kafin a bar su. Kuɗin mota da abinci daga adashin mahaifiyata na ranta.

Aikin ya yi kyau, wallahi. Akwai garin da aka kore mu da safe, da yamma bayan wasa iyaye mata suka fito da 'ya'yansu da kansu. Na kai rahoto, aka ce kuɗi bai sauko ba. Wata uku ina zarya. A na huɗu na tarar an sauke allon ofishin, mai gadi ya ce sun tashi. Yaran nan tara har yau sun ɗauka ni na cinye haƙƙinsu. Ɗaya daga cikinsu ya gan ni a kasuwa ya kawar da kai. Mahaifiyata ta rasu ban gama biyanta ba. Da aka ce a 2020 Najeriya ta rabu da shan inna na ji daɗi, amma na yi kuka a daren. Yanzu waya nake gyarawa. Ƙanwata, ki sake JAMB.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, ɗana. Allah Ya bi maka haƙƙinka.

Abban Ikram:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Samaru:
Allah Ya gafarta mata. Amma Mai Haƙuri, wanda ya cuce ka ofis ne, ba kwas ba. Wanda ya karanta lissafin kuɗi ma ana yi masa haka.

Mai Haƙuri:
Akanta ana ɗaukarsa da takarda da albashi. Mu aikin kwana goma ake kiranmu, da baki. Kuma kai da ka samu kujera a ƙungiya dole ka yabi kwas ɗin. Mu nawa ne muka gama, nawa suka samu irin taka?

Ɗan Samaru:
Shekara huɗu na yi ina koyarwa a makarantar kuɗi kafin kujerar. A ajinmu akwai masu aikin rediyo, akwai malamai, akwai wanda ya shiga kwastan. Ban ce hanya shimfiɗe take ba.

Maman Haidar:
Maza sun cika wurin, bari mace ta yi magana. Na yi kwas ɗin da hijabina. Akwai darasin rawa kuma ana ba da maki a kai, kar wani ya ɓoye miki. Ni da doguwar riga na yi, daga baya na fi karkata ga tsara kayan 'yan wasa da rubutu. Abin da ya fi rawa wahala gwajin wasa ne da dare, wani lokaci har ƙarfe goma. Amma a ƙauye mu ne masu daraja, don namiji ba ya shiga cikin gida. Duk labarin haihuwa da na ruwa daga bakinmu ya fito. Mun haɗa dubu 15 kowa na fita ƙauye.

Ɗalibi Aji Uku:
Anti wace shekara ke nan? Mu bara sai da kowa ya kashe sama da dubu 60, mota da abinci da kayan wasa.

Maman Haidar:
An kwana biyu. Amma 60 ta yi yawa, sai dai in a otal kuka sauka.

Ɗalibi Aji Uku:
A ajin firamare muka shimfiɗa tabarma. Anti tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin ɗauki shatar bas?

Bakatsine:
Ƙanena dubu 35 ya karɓa a hannuna, ya ce har da garin kwaki da suga.

Direban Dogon Zango:
To ɗaya daga cikin yaran nan biyu akwai ragowar canji a aljihunsa, a bincika.

Malam Na Ƙofar Gari:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Yarinya ta ce mahaifinta bai so. Shawarar wa ta fi tasa? 'Yata, ki yi istihara ki bi maganarsa.

Maman Haidar:
Allah Ya gafarta Malam, ba a ce ta saɓa masa ba. Fim ya ɗauka, a yi masa bayani ya yanke hukunci kan abin da yake na gaskiya. Nawa mahaifin ma sai da kawuna ya je sashen ya gani da idonsa. Tashe da yara ke yi da azumi suna jan kunnen manya cikin raha, ai dangin abin ne.

Malam Na Ƙofar Gari:
Tashe yara ke yi a unguwarsu, gaban iyayensu. Ba budurwa a garin da ba a san ta ba.

Abban Ikram:
Ni dai a ganina wanda ya sha wuya shi za a saurara, ba wanda ya dace ba.

Ba Damagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan da wasan su Yazi Dogo muka tashi, ba wanda ya raina ɗan wasa. Amma abin da ya sami Mai Haƙuri ya same mu. Masu porje, wato ƙungiyoyin tallafi, suka zo garinmu, muka yi wasa kan rijiyar da ta rufta, aka ba kowa jika biyu, aka ɗauki hoto. Shekara shida ke nan rijiyar tana nan yadda take.

Mai Haƙuri:
Wannan ya fi kuɗin ciwo. Ka sa mutum ya faɗi sirrin gidansa a bainar jama'a, ka tafi, ka bar shi da wanda ya tona wa asiri. Ɗan Samaru, mai ba da bashin hatsin nan, kun koma kun ga yadda ya yi da dattijon da ya cire hula?

Ɗan Samaru:
Ba mu koma ba. Jarabawa ta zo, aka ba mu maki, aji na gaba wani garin suka je. Abin yana raina har yau, kuma malamanmu da kansu sun sha tayar da maganar a aji.

'Yar Funtuwa:
Na gode ƙwarai. Amma don Allah batun kwanan, dare nawa ne, kuma mata ina suke sauka? Shi Baba zai fara tambaya.

Bakatsine:
Mu ma an zo mana kan takin zamani. Aka rubuta sunayenmu a takarda uku, aka ce alawus zai shigo ta waya. Wanda ya kawo su ɗan garinmu ne, yanzu ko sallar idi ba ya zuwa gida. Ba Damagare, ku aƙalla jika biyun ta shiga hannunku.