Wai me za mu kira astragale da Hausa?

Direba, Injamena: Salamu alaikum yan uwa. Satin da ya wuce na kai kaya garin Fada a arewacin Chadi, to a wani wadi, wato busasshen rafi, bayan Kalait taya ta yi faci, ina zaune ina jiran yara su gama sai idona ya kai kan wata yar ciyawa a shimfiɗe kan yashi, wlh da farko tsidau na zata har na janye ƙafa. Ashe ba ƙaya. Ganyen ƙanana jere biyu kamar na tsamiya amma akwai guda ɗaya tilo a can ƙarshe, ga gashi fari fari kamar an barbaɗa mai toka, furen ɗan mitsitsi irin siffar furen wake, kwanson bai kai ƙwayar gyaɗa ba shi ma duk gashi. Na tura hoto wa ƙanena yace astragale ne da Faransanci, yan Ingila su ce milkvetch. To mu fa?

Ƙanen direba: Yaya ai na faɗa maka ba abu ɗaya ba ne, dangi ne guda, kusan iri 3000, a tsirrai masu fure babu dangin da ya kai su yawa. Naka ya fi kama da Astragalus vogelii, sunan wani Bajamushe Vogel aka sa mai, wanda ya biyo jirgin Turawa a kogin Kwara 1841 kuma shekarar ya rasu. Tsidau furenshi rawaya ne a buɗe kuma ganyen bibbiyu ne ba tilo a ƙarshe, filasko ma rawaya da kwanso mai faɗi, nan ake rabewa.

Ɗan Kusseri: toh ai Turawan sun gama mana aiki, wai sun sa milk, wato madara, a sunan milkvetch ne don suna ganin yana ƙara wa awaki nono. A ce waken madara kawai a wuce wajen

Direba: Kai haba, kace waken madara a kasuwa ai waken suya za a auno maka.

Mai raƙuma, Abeche: Ni ba ma wannan ne ya dame ni ba. Suna alkawari ne fa. Kace madara gobe yaro ya kora dabbobi kai yana murna, alhali masu raƙuma a yammacin Sahara sun san in raƙumi ya cika ciki da wannan ɗin yana iya illata shi, a Amurka ma akwai yan uwanshi da suke ce ma loko, wato hauka da Sifaniyanci, saboda doki in ya saba ci sai ya riƙa tangaɗi kamar mashayi. Kar a sa nono a sunan dan Allah.

Malam, Marwa: Da Larabci sunansa ƙatad, har karin magana gare su a kan wuyar tsige ƙayarsa. Me zai hana mu ara yadda muka ari albasa?

Ƙanen direba: Allah gafarta Malam, ƙatad ɗin masu ƙaya ne na duwatsun Iran da Turkiyya, waɗanda ake tsaga wa jiki a samu wani irin ƙaro da ake ce ma katira. Namu na yashi ba ƙaya ba ƙaro, ruwa ya sauka ya fito, ya bushe ya tafi. In mun ce ƙatad mai nema zai yi ta duba ƙaya ya taka abin ya wuce.

Malam: Haka ne ɗana, na janye.

Mai raƙuma: Bahaushe ai yana da hanyarshi tun da, abin daji in ya yi kama da na gona sai a jingina shi da wani, kamar gautan kura, kowa ya ji ya san gauta ne amma ba na miya ba. Ni nace waken hamada. Fure na wake, kwanso na wake, hamada kuma ta faɗa maka inda za ka same shi kuma ba wanda zai sa a tukunya.

Ɗan Kusseri: to na Iran ɗin fa, can ai dutse ne ba hamada ba

Ƙanen direba: Shi a bar mai ƙatad ɗin Malam, kaga kowa ya samu.

Direba: Shikenan waken hamada. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake bin hanyar, in bai bushe ba zan tsinko kwanso in fasa in gani, ƙanena yace da yawansu ciki ɗaki biyu ne a tsaye, ni ranar hankalina na kan taya ban duba ba.