Suga Ya Hana Ni Barci: Musayar Waƙa Daga Mai Wurno, Sudan

Inna ta Mai Wurno:

Bismillah, na buɗe bakina,
Ciwon suga ya kama jikina,
Zafi na cin tafin ƙafafuna,
Dare ya tsala, babu barci.

Wasu sun ce raunin imani ne,
Wasu sun ce tunanin yaƙi ne,
Ni dai ku gaya mini mene ne,
Ko akwai sauƙi cikin abinci?

Ma'aikaciyar jinya, Sinnar:

Inna sannu, imaninki na nan,
Suga ne ya yi yawa a jinin nan,
Ƙoda ke wanke shi da ruwan nan,
Fitsarin dare ya raba ki da barci.

Zafin ƙafa, jijiyoyi ya taɓa,
In kin kwana ido biyu ba ki runtsa ba,
Da safe suga ba zai sauka da sauƙi ba,
Sai jiki ya mutu, rai ya yi ɗaci.

Ciwon damuwa ya fi bin masu suga,
Kusan ninki biyu likitoci suka hanga,
Mata ya fi kamawa, kin ga,
Ki faɗa wa likita, ki bar kaɗaici.

Ƴar Gadarif:

Yaya ta yi bayani, ni kuma bari in leƙa madafa.

Yadda tsatsa ke cinye ƙarfe,
Haka suga ke cin jiki a ɓoye,
Akwai sinadaran kariya a ganye,
Allah ya sa su cikin abinci.

Zoborodo, nan karkade ake ce masa,
Jan launin nan shi ne ƙarfinsa,
Ki jiƙa, ki tace, ki sha da tsaminsa,
Zuba masa sukari ganganci.

Garin kuka na da bitamin C,
Gwaiba da lemun tsami duk ki ci,
Ganyen jarjir da tumatir kusa da akushi,
Zogale ma kar ki yi masa sakaci.

Riɗin garinmu da gyaɗar dakwa,
Bitamin E suke bayarwa,
Kisra, wainar dawa, kaɗan, miya da yawa,
Waken ful da safe ya riƙe ki lokaci.

Baba na Kassala:

Ƴaƴana, uwargidana ma haka take fama,
Amma gahawar dare, jabana, ba ta bari ko an yi magana,
Da ita muke hira, da ita muke zama,
In raba ta da ita, ina zumunci?

Ma'aikaciyar jinya, Sinnar:

Baba, ku mayar da ita ta hantsi,
Bayan awa 5 rabin ƙarfinta na nan a jiki,
Bayan la'asar a kife finjali,
Hirar dare karkade ya wadaci.

Inna, ganye taimako ne kawai,
Ƙwayar metformin da allurar insulin su ci gaba dai,
In ba lantarki, don ajiye insulin sanyin randa akwai,
Kar ruwa ya taɓa ta, kar zafi ya ci.

In gumi ya tashe ki, jiki na rawa,
Ƙila ƙasa da 70 a ma'auni suga ya yi faɗuwa,
Nan kam sukari za ki sha da gaggawa,
Ki ajiye shi kusa da wurin barci.

Inna ta Mai Wurno:

Allah ya yi muku albarka, ƴaƴana,
Litinin zan shiga Sinnar a auna jinina,
Ina shan maganin hawan jini kullum da rana,
Haɗa shi da karkade akwai aminci?