Ingila ko Jidda: wane gida zan sa iyalina a ciki?

Ɗan Magini, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Kano, da mata ɗaya da yara uku. Allah Ya kawo min dama biyu kusan lokaci guda: wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila, wajen Bradford, da wani asibitin kuɗi a Jidda. Albashi kam na gan shi a takarda. Abin da takarda ba ta nuna min ba shi ne irin gidan da zan zuba iyalina, da abin da zai rage a hannu bayan an biya shi.

Mahaifina magini ne, ina miƙa masa bulo da kwaɓa siminti na girma, don haka ba na iya shiga gida ban ƙwanƙwasa bango ba. Wani abokina da ke can Ingila ya zagaya da ni gidansa ta waya, na ce ya ɗan bugi bangon ɗakin kwanansa. Wallahi ƙarar da na ji ta kwali ce. Matakalar bene ta katako, tana kuka in an taka. Ɗakin yara kuwa gado ɗaya ya cinye shi. A kan wannan yake biyan fam 850 duk wata. Ni nan fulat mai ɗaki uku da falo nake haya, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, wato hayarsa ta wata guda ta fi tawa ta shekara.

Ina da fili a hanyar Janguza, na kai ginin linta da bulo inci tara, siminti ya tsayar da ni tun da buhu ya haura dubu goma a farkon 2024. Wasu na cewa in sayar in yi guzuri. Don Allah wanda ya zauna a ɗaya daga cikin wuraren nan ya faɗa min gaskiya: gidajen nan na kwali suna da ƙarko? Kuma ban da haya, me ke cin kuɗi?

Maman Biyu, 'yar Gwale a Bradford:

Wa alaikumus salam Malam. Bangon da abokinka ya buga na cikin gida ne, allon filasta ne aka kafa a jikin katako don raba ɗakuna. Da ya fita waje ya buga maka na waje, hannunsa ne zai yi ciwo. Yawancin tsofaffin gidajen Bradford da dutse aka yi su, a jere, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, tun zamanin masaƙun ulu. Wanda muke ciki an gina shi kafin Turawa su ci Kano a 1903, kuma yana nan tsaye. Kusan ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila kafin 1919 aka yi su. Saboda haka ka cire tsoron rushewa.

Abin tsoron danshi ne. Tsohon bangon nan ba shi da komai a tsakiya da zai tare sanyi, mu kuma mun zo da ɗabi'unmu na Kano: a ɗora tukunyar tuwo tururi na tashi, a yi wanki a shanya a cikin ɗaki tunda ba rana, a rufe taga ruf saboda sanyi, a kashe hita saboda tsoron kuɗin gas. Kafin hunturu ya raba sai ka ga funfuna baƙa ta fito a bayan wadirob da kusurwar silin, yara su fara tari. Ba wasa ba ne, a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale saboda funfunar gidansu, har aka yi doka a kai. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka fi ni sanin abin da take yi wa ƙirji.

Kafin ka karɓi gida ka nemi takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi. Daraja ce daga A, mafi kyau, zuwa G, doka ta hana a ba da hayar wanda ya gaza E, amma ni E ɗin ma ba na so. Gida mai C da ya ɗara tsada kaɗan ya fi mai E araha, domin bambancin gas zai cinye shi. Ka leƙa bayan kayan ɗaki, in ka ga sabon fenti a kusurwa ɗaya kawai, an ɓoye wani abu ne.

Sai banɗaki, wannan ka gaya wa uwargida tun yanzu. Daɓen saman bene katako ne, kuma babu magudana a daɓen. In aka tsuguna da buta aka yi alwala yadda muka saba, ruwan ta silin ɗin falo zai ɗigo, kuma daga kuɗin ajiyarka mai gida zai cire gyaran.

Lissafi kuwa ga shi. A 2025 sabon nas yana farawa ne a kan wajen fam 31,000 a shekara, bayan haraji da fansho abin da ke shigowa bai fi fam 2,000 a wata ba. Cire haya. Cire harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya ba mai gida ba, ko gida mafi ƙanƙantar daraja ya haura fam 100 a wata. Cire gas da lantarki, ruwa, intanet, kuɗin bas. Shiga gida kuma sai ka ba da hayar wata ɗaya da ajiya ta sati biyar, dokar 2019 ta hana su karɓi ajiya fiye da haka. Da yara uku da wuya dillali ya ba ka ɗaki biyu, musamman in akwai mace da namiji da suka kai shekara goma. Makarantar gwamnati kyauta ce, asibiti kyauta ne, bizar ma'aikatan lafiya ma ta ɗauke muku harajin lafiya na fam 1,035 da sauran baƙi ke biya duk shekara. Duk da haka, albashi ɗaya ga mutum biyar, za a ci a sha amma ba za a aika da kuɗin siminti gida ba, sai in uwargida ma ta samu abin yi.

Tsohon Injiniya, Sharaɗa:

Ɗana, ka gaida mahaifinka, sana'armu ɗaya. Amma ka tambaye shi bulo nawa ake bugawa da buhu ɗaya a zamaninsa, nawa ake bugawa yau. Inci tara da ya kamata a tsaya wajen talatin, akwai masu fitar da hamsin, ka ɗaga shi ya marmashe a hannu. Rodi a rage, yashi da ƙasa a ciki, ba a ba dakin ruwa ya sha. Benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ai ba da kwali aka yi shi ba.

Ni ƙarfin bango ba shi ne ma'aunina ba. Gidan ƙasa na cikin birni, mai tubali da azara da kaurin bango, yana da sanyi a watan Afrilu ba tare da fanka ba. Muka bar shi muka koma bulo mai rami da kwano, rana ta dafa shi yini guda, da dare ya amayo zafin, mu fito tsakar gida da tabarma. Wannan ma rashin inganci ne, sabo ne ya sa ba ma gani.

Kuma hayarka ta miliyan ɗaya da ɗari biyu ba ita ce kuɗin gidanka ba. Ɗora kuɗin 'yan garuwa ko gyaran burtsatse, man janareta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, batirin sola, kuɗin 'yan sintiri, kuɗin makaranta na yara uku, kuɗin magani. Ka rubuta su wata ɗaya ka gani. Filin nan kuma kada ka sayar. Ka daure ka zuba linta ka rufe kan bulon kafin damina, ka sa ɗan uwa ya riƙa leƙawa.

Baƙon Jidda:

Malam, ginin nan irin wanda idonka ya saba da shi ne: ginshiƙin kankare, bulo, tayil, banɗaki da magudana, ɗakuna manya, sau da yawa da falon maza daban. Ka buga bango ka ji shi tim. Sai dai gumin teku yana cin rodi, tsofaffin benaye za ka ga kankare na ɓarewa, ga famfo mai yoyo. Fulat da yawa kuma fanko ake ba da shi, babu na'urar sanyi, babu kabad ɗin kicin, kai za ka saya. A Jidda na'urar sanyi ba ado ba ce, dare da rana take aiki, amma wuta ba ta ɗaukewa kuma halala 18 ce (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane yunit ga gida mai matsakaicin amfani.

Haya shekara ce ko kashi biyu, kamar gida, ana rajistarta a manhajar Ejar. Albashi babu haraji, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75, abin da ka tara ba ya narkewa. Inda gizo ke saƙar shi ne iyali. Kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka riyal 400 ne a wata tun 2020. Mata da yara uku, riyal 1,600 ke nan kafin a sayi burodi. Ga makarantar kuɗi in kana son su ci gaba da karatun Turanci, ga harajin kaya kashi 15 cikin ɗari. Shi ya sa da yawanmu muka bar iyali a Kano muna zuwa hutu. Ka duba takardarka da kyau: kwantiragin gwauro ne ko na iyali? In masaukin asibiti za su ba ka, ba za ka kawo kowa ba. In alawus ɗin gida ne, nawa ne?

Ɗan Magini, Rijiyar Zaki:

Allah Ya saka da alheri. Baba Injiniya, na karanta wa tsoho maganarka ya yi dariya, ya ce bulon Janguza shi ya tsaya aka buga, talatin da biyu a buhu. Fili ya fasa sayuwa.

Na koma takardar Jidda, masauki suka rubuta, ba alawus ba, ke nan ta gwauro ce. In na je can ni kaɗai, hayar Rijiyar Zaki na nan a wuyana amma ginin zai motsa. In Ingila ce muna tare, ginin ya jira. Uwargida ta ce ita dai ba ta yarda da zaman shekara ba miji ba, ta kuma ce in tambayi Hajiya Maman Biyu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu nawa gas da wuta ke ci muku a wata, kuma gida mai ɗaki uku mai darajar C ana samunsa kusa da masallaci da islamiyya?