Neman kalma: rawar da sitiyari ke yi in an taka birki

Mai Shirin Direbobi, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe tara na safe zan shiga shiri, tambayar kuma ta wani mai sauraro ce da ya sayo motar gudu ƙirar Jamus daga Abuja. Ya ce in ya miƙi hanyar Jega ya taka birki, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, da ya ɗaga ƙafa ta lafa. Bayanin da nake fassarawa ya kira abin "brake judder", sanadinsa kuma "disc thickness variation". Hausar biyun nan nake nema kafin dare.

Direban Jega: Wa alaikumus salam. Rawar birki mana. Faifan birkin gaba ne ya kantare, shi ke nan.

Malamar Hausa, Argungu: Rawa ta yi faɗi, Malam. Haƙori ma na rawa, kujera na rawa. Jijjiga ta fi kusa, ko karkarwa. Girgiza kuwa motar ce gaba ɗaya, ba sitiyari kaɗai ba.

Bakanike Gusau: Mu a gareji kyarma muka cewa. Amma Oga direba, bar batun kantarewar nan, ita ka sa mutane asarar kuɗi. Sau da yawa faifan bai lanƙwashe ba, kaurinai ne ya bambanta. In anka yi gudu anka taka birki da ƙarfi, faifan ya ɗau wuta, sannan mutum ya tsaya cak ƙafarshi na kan birki, sai takalmin birkin ya bar shafe wuri guda. Wani lokaci har shatinshi kake gani jikin ƙarfen. Duk juyin da taya ta yi sai takalmin ya ci karo da wannan tudun, shi ne bugun da ka zuwa hannu. Bambancin milimita 0.02 ya isa a ji shi, alhali gashin kai ya fi haka kauri. Hanya ta biyu, a ɗaura faifai kan tsatsa, ko a ɗaure notin taya wani ya fi wani. Faifan sai ya riƙa leƙe gefe, yana gogar takalmi ko ba a taka ba, bayan 'yan dubban kilomita gefe guda ya cinye.

Mai Shirin Direbobi: Madalla Oga. Ke nan in na ce faifai ya kantare na yaɗa kuskure a rediyo.

Allah Gafarta Malam, Gwandu: Kafin a kai ga kyarma, shi "birki" ɗin Hausar wane gari ne? Kakanninmu da linzami suke tsai da doki. Na daɗe ina kira a ce linzamin mota. Wannan ciwo kuma sunansa farfaɗiyar linzami, tunda zuwa yake ya tafi.

Direban Jega: Allah gafarta Malam, in na shiga tasha na ce linzamina na farfaɗiya, ruƙiyya za a kawo mini, ba sifana ba.

Malamar Hausa: Baba, linzami ai shi ke juya doki, shi ke tsai da shi. A mota aikin ya rabu biyu, kuma matsalar nan tsakanin biyun take: birki ke jawowa, sitiyari ke nunawa. In duk linzami ne, yaya zai yi bayani? Farfaɗiya kuma cuta ce da mutane ke fama da ita, ban so a ji ta a rediyo ana wasa da sunanta.

Allah Gafarta Malam: 'Yata, da haka harshe ke zubewa. Yau birki, gobe sitiyari, jibi ba abin da ya rage sai "ne" da "ce".

Malamar Hausa: Linzamin ma aro ne daga Larabci, Baba, ya dai riga birki zuwa.

Ɗan Kurmi: Ni daga Kano nake bibiyarku. Karkarwa ita ce daidaitacciyar Hausa. Kyarma ku bar ta a Sakkwato da Zamfara, shirin rediyo ba hirar gindin bishiya ba ce.

Bakanike Gusau: To ga su nan. Shirin Kabi za a yi, masu saurare Kabawa da Zamfarawa, amma sai an ɗauko izini daga Kurmi? Mi kyarma ta yi maku?

Ɗan Kurmi: Ba ni na tsara ba Oga, karin Kano aka ɗora rubutun boko a kai.

Direban Jega: Rubutu ka ce. Shi magana zai yi.

Allah Gafarta Malam: Ƙasar da Abdullahin Gwandu ya yi rubutu ba ta jiran kowa ya koya mata harshe. Da kun karɓi linzami da duk wannan gardama ba ta taso ba.

Mai Shirin Direbobi: Jama'a a yi haƙuri, magariba ta kusa. Oga na Gusau, me zan ce wa mai motar ya yi?

Bakanike Gusau: Ya fara rarrabewa. In kyarmar na nan ko bai taka birki ba, balansin taya ne ko rim ya bugu. In sai ya taka da ƙarfi bisa yashi yake jin feda na bugu da sauri, ABS ne, na'urar hana taya kullewa, ke aikinshi, lafiya lau. In a sitiyari take, tana raguwa yadda gudu ke raguwa, gaba ne. Ta baya a kujera aka fi jin ta. A ɗaga mota a girgiza taya, a duba boris da tayarod da bushin, don in sun saki suna ƙara abin. Sannan a sa agogon awo jikin faifai a juya, leƙen kada ya wuce wajen milimita 0.05, ko abin da littafin motar ya ce. A auna kauri wurare kamar takwas kewaye. In shafe ne kawai, ya sami hanya marar jama'a, ya rage gudu daga kilomita 100 a awa zuwa wajen 15, sau takwas ko goma, ba tare da ya tsaya cak ba, sannan ya yi tafiya birkin ya huce. In bai tafi ba, a fiƙe faifan, muddin bai kai ƙarancin kaurin da anka buga jikinshi ba. In ya yi tabo shuɗi-shuɗi, ƙarfen ya ƙone, fiƙa ba ta daɗewa, a canza duka biyu da sabbin takalma, a kankare tsatsar mazauni, a ɗaure noti a tsallake da sifana mai awo. In kuwa faifan kabon-siramik ne irin na wasu Porsche da Ferrari, kada kowa ya kai shi injin fiƙa.

Mai Shirin Direbobi: Allah ya saka. Zan ce kyarmar birki, in ambaci karkarwa sau ɗaya a farko saboda baƙi. Ta biyun fa?

Malamar Hausa: Bambancin kaurin faifai. Ba ta da daɗin faɗi, amma ba ta yi ƙarya ba.

Direban Jega: Tudu-da-kwarin faifai ya fi shiga kunne.

Ɗan Kurmi: Sau ɗaya dai? To, ba laifi.

Allah Gafarta Malam: Ku yi yadda kuka ga dama. Ni a ajina linzami zan ci gaba da koyarwa.

Mai Shirin Direbobi: Ta biyun zan faɗi duka biyu, masu kiran waya su zaɓa. Oga, turo mini hoton agogon awon nan ta WhatsApp, in san yadda zan kwatanta shi.