Yarona ba ya son rubutu, in canza masa makaranta?

Maman Sadiq, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Yarona shekararsa 4, yana naziri. Kullum ana ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 50, da an ɗauko fensir sai kuka. Amma a bar shi da murafen kwalba, sai ya zauna yana ware su kala-kala har a kira la'asar. Malamarsa ta ce an bar shi a baya. Babansa na so mu kai shi wata makaranta mai suna Montessori, kuɗinta kuwa ninki biyu ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamar naziri, Rafin Daɗi: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, kada sunan ya ruɗe ki, kowa na iya rubuta shi a bakin get. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a Rum a 1907, ga 'ya'yan talakawa ma. A tsarinta 'yan shekara 3 zuwa 6 aji ɗaya suke zama, kayan aiki na kan kanta daidai tsayin yaro, shi zai zaɓi abin da zai yi, malama na lura da shi. Kafin fensir, da yatsa yake bin haruffa masu kaushi har hannu ya saba. Ki roƙi a bar ki ki zauna a ajin da safe. In kin tarar duk yara sun fuskanci allo suna maimaita abu ɗaya da ƙarfi, to riƙe kuɗinki.

Baban Ilham: Ni fa ina da ja. Makarantun kuɗi da yawa sai sun gwada yaro kafin su ɗauke shi firamare. A ranar, murafen kwalba za su fisshe shi?

Malamar naziri: Baban Ilham, ware murafen nan lissafi ne. Saura a ce masa "jajaye nawa ne?" Yaron da ya rubuta 50 bai san 5 ta fi 3 ba, zane kawai ya yi. A Finland sai shekara 7 suke shiga firamare.

Hajiya Babba, Daura: 'Yata, ai wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo kowa da inda allonsa ya tsaya. Malam zai biya maka naka, ba ka wankewa sai ka iya, ko da sa'anka ya yi maka nisa. Ki zuba masa rairayi a faranti ya riƙa zana baƙaƙe da yatsa, ki ba shi tsintar wake. Amma dai kada a fara dukansa.

Maman Sadiq: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, rairayin yau zan gwada. Litinin kuma zan je in ga ajin, in sun yarda in shiga. Malama, zan iya cewa malamarsa ta rage aikin gidan zuwa 10, ko za ta ga kamar raini ne?