Suwaitar jariri da zare mai kala-kala: wa ta taɓa saƙawa?

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa yi wa jariri rigar sanyi da zaren nan da ake rina kala uku ko huɗu a dunƙule ɗaya. A hannu kyau gare shi matuƙa, shuɗi da kore da ruwan ƙwai suna bin juna. Amma da na saƙa bayan rigar sai shuɗin ya taru waje guda ya yi ƙaton faci, gaban kuma, da yake ɓari biyu ne mai maɓalli, ya fito da layuka a karkace. Haka yake yi wa kowa, ko hannuna ne?

Goggo Mai Tsinke:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba hannunki ba ne, lissafi ne. Warwaro zaren ki shimfiɗa shi a ƙasa, za ki ga kalolin suna zuwa bi da bi, kowace da tsawonta, sannan su sake daga farko. To kowane layi da kika saƙa yana cin wani tsawo na zare. Idan abin da yake ci ya dace da zagayen kalolin, shuɗi zai riƙa sauka a kan shuɗin da ke ƙasansa, faci ke nan. Idan ya goce kaɗan, kalar sai ta riƙa matsawa da ido (wato madaukin zare guda a kan tsinke) biyu ko uku a kowane layi, shi ne karkacewar da kika gani. Bayan rigarki ya ninka ɓarin gaba a faɗi, don haka dole su fito daban. Ni da wani zare ya yi mini haka, ido huɗu na ƙara a faɗin, facin ya watse. Ko ki canja tsinke daga mai milimita 4 zuwa mai 4.5 ma yakan isa, sai dai rigar za ta ɗan ƙara girma. Kuma kada ki dogara da ɗan gwajin santimita 10 da ake saƙawa kafin a fara. Wannan girman ido zai nuna miki, ba zai nuna inda kala za ta taru ba, tunda faɗinsa bai kai na rigar ba.

Anti Mai Kwarashi:
Dabarata dunƙule biyu. Layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, ina jan zaren da ke hutawa ta gefe ba tare da na yanke ba. Ki tabbata dai ba a kala ɗaya suka fara ba. In dunƙule ɗaya gare ki, ki jawo bakin zaren ciki da na waje. Yana harɗewa kam, sai da haƙuri.

Amaryar Bana:
Tawa matsalar hannun riga ce. Zaren da na samu mai dogayen kala ne, wanda yake fitar da layi-layi da kansa. Jikin rigar ido 106 ne a zagaye, layukan suka fito sirara gwanin sha'awa. Hannu kuwa ido 40, sai kowace kala ta yi kauri fiye da ninki biyu, hannun dama rabinsa ja, na hagu rabinsa fari. Mai gidana da ya gani cewa ya yi ko riga biyu na haɗa.

Goggo Mai Tsinke:
Amarya, kaurin ba shi da magani, sai dai ki riƙa yanke zaren kina rage kowace kala, ki kuma sha aikin ɓoye bakin zare. Daidaita hannayen ne mai sauƙi. Kafin ki fara na farko, lura da inda kala ta canja, ki fara daga nan. Na biyu ki warware zare har ki iso irin wurin. Abin da kika cire ki ajiye, zai yi hula ko safa.

Yaya Babba:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin faɗa da zare ba. Wadda take son komai ya zauna daidai ta sayi kala ɗaya ta huta. Yaron da cikin 'yan watanni rigar za ta yi masa kaɗan, ina ruwansa da hannun dama bai yi kama da na hagu ba? Abin da na lura da shi shi ne irin saƙar ce take gyara zaren nan. Saƙa mai santsi, wato a jawo ido ta gaba a layi ɗaya, ta baya a na biyu, ita ce take tona facin fili. Idan kuwa kowane layi ta gaba kika jawo ido, tudu-tudun da ke fitowa yana karya kalolin su gauraya. Akwai wata rigar jarirai da Elizabeth Zimmermann, 'yar asalin Ingila da ta zauna a Amurka, ta fitar a 1968. Duka da irin wannan saƙar ake yin ta, a falle ɗaya. In kin gama ba ta kama da riga ko kaɗan, sai kin ninke ta kin ɗinke saman hannaye biyu. Da yake yawan ido yana canjawa kullum, ana ragewa sannan a ƙara, kala ba ta samun damar zama wuri ɗaya, layukan kuma suna yin kwana a kusurwa. Na saƙa ta da zare mai kala-kala, ban taɓa komai ba, ta fi duk waɗanda na wahala a kansu kyau.

Maman Tagwaye:
Yaya, maganarki gaskiya ce, amma kyauta ce zan bayar, kin san idon mutane.

Hajiya Kaka:
In kyauta ce, ga abin da nake yi. Wuya da bakin hannu da ƙasan riga da wurin maɓalli, duk da zare mai kala ɗaya, wadda na zaɓo daga cikin kalolin, galibi mai duhun. Nan take rigar take natsuwa. Ado mai huda-huda ko mai murɗa kuwa asarar ƙarfi ne a wannan zare, na gani a rigar jikata: sai ka kai hanci kusa kafin ka san an yi wani ado.

Abu na biyu, zubar kala. Ja da shuɗi mai duhu su ne abin tsoro idan akwai fari a jikin zaren. Kafin in sa tsinke nakan yanki kamar taƙi ɗaya in jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, in matse a farin ƙyalle. In ya bar shaida, ba zan yi wa jariri da shi ba, don kayansu kullum cikin wanki suke, ga tumbuɗi ga yawu. Ku kuma duba lambar rini a takardar dunƙule, ku sayi masu lamba ɗaya tun farko. Zaren roba, akirilik, ya fi jure wanki, amma kada a ɗora masa dutsen guga, narkewa yake yi ya saki har abada. Ulu na gaske kuma in ba wanda aka rubuta ana wanke shi a inji ba ne, ruwan zafi zai dunƙule shi ya koma na 'yar tsana.

Anti Nas:
Ni ba ta kala nake ba, ta wuya nake. Kan jariri sabon haihuwa yana kai santimita 35 a zagaye, ƙirjin ɗan wata 6 kuma wajen 43 ne, kun ga kan ba ƙarami ba ne a jikinsu. Na ga riguna masu kyau da aka kasa sa wa yaro don wuyan bai buɗe ba. Ku yi mai buɗaɗɗen gaba, ko ku bar maɓalli a kafaɗa. Maɓallin a ɗinke shi da ƙarfi a riƙa dubawa, komai baki suke kaiwa. Igiya a wuya kuwa kada ma a fara. Masu canja zare kowane layi biyu, ku kula kada dogon zare ya yi lilo a cikin hannun riga, ɗan yatsa yana maƙalewa.

Anti Mai Kwarashi:
Na manta ban faɗa ba. Wani lokaci a tsakiyar dunƙule za ki tarar da ƙulli daga kamfani, kuma ba a kalar da ta dace suke haɗawa ba, kore ya tsallake ya faɗa ja. Ni yanzu sai na sake naɗe dunƙulen gaba ɗaya da hannu kafin in fara. In na ci karo da ƙulli na yanke shi, na warware har inda jerin ya dawo daidai, sannan in haɗa a gefen layi inda ɗinki zai rufe.